Ranar da Aka Miƙe Mini Gada

Makon jiya, ko wanda ya gabace shi, ɗalibai uku suka zo ofishinmu na Jimeta koyon aiki. Ɗaya daga cikinsu, Rukayya, ta tsaya gaban hoton wata gadar igiya da ke jikin bangona, ta ɗan kalle shi, ta ce, "Yallaɓai, wannan ai igiyar shanya ce aka jera wa katako. Kwamfuta za ta zana ta kafin shayinka ya huce."

Na ce mata mai yiwuwa ne. Abokanta suka ƙunshe dariya, don tun kafin su iso an gaya musu sunan da ake kirana da shi a bayan idona, wato Injiniya Mai Yiwuwa. Ban ce sunan bai dace ba. Na haura shekara ashirin a wannan aiki, kuma na ga ƙasa ta zame, na ga ƙarfe ya gaji, na ga mai sayar da siminti ya rantse. Wanda ya ga waɗannan ba ya saurin cewa lallai. Amma tun da an ce igiyar shanya ce, bari in ba ku labarin gadar da ke hoton nan, ku da duk mai shirin shigowa sana'ar da tunanin zai huta.

Aikina na farko bayan na gama jami'a ba zane ba ne. Tura ni aka yi wurin Baffa Sali, wani dattijo da bai taɓa zama a aji ba, amma tun yana saurayi yake ɗaura igiyar ƙarfe, daga ta jan jirgin fito a Binuwai har ta ɗaga kaya a wurin gini. Na miƙa masa takardar shaidata. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya ce takarda ce mai kauri, za ta yi daɗin kwasar giris. Sai ya ba ni tsumma, ya nuna mini wani naɗin igiyar ƙarfe mai kaurin wuyan hannu, ya ce in shafe ta daga wannan baki zuwa wancan. Na ɗauka share ƙura nake yi. Ashe duk inda siririn waya ɗaya ya tsinke a jikin igiyar, tsumman zai maƙale. Ido ba ya gani, tsumma yana ji. Kwana huɗu na yi ina shafa, na samo wuri bakwai. Baffa ya ce tara ne, ya kai hannuna kan biyun da na tsallake, kuma ɗaya daga cikinsu ya yanke ni a yatsa don kada in manta.

Ga yadda gadar take, ga wanda bai taɓa hawa ba. Ginshiƙi a wannan gaɓa, ginshiƙi a waccan. Igiyoyi su haye ta kansu, katako ya hau kan igiyoyin. Bakin kowace igiya yana ƙarewa ne a jikin wani babban curin kankare da aka binne a ƙasa, wanda mu muke kira turke. A nan akwai doguwar sandar ƙarfe mai zare da ƙaton noti, in ka juya shi igiya ta ɗaure ko ta saki. Duk wanda ya hau gada, da shi da buhunsa da akuyarsa, a wuyan turke nauyinsu yake ƙarewa. Kuma dole igiyar ta yi ciki, wato ta ɗan lanƙwasa ƙasa a tsakiya. Igiya mai ciki a hankali take jan turke. Wadda aka miƙe kuwa, jan sa take kamar bijimin da ya hango kasuwa.

Ni da na'urar awo nake auna cikin. Baffa gaishe da igiyar yake yi. Zai buge ta da sifana kusa da ginshiƙi, ya ɗora tafin hannu, ya ce, "Sannu, ya gida, ya iyali, ya shanu, ya gajiya?" Bugun yana tafiya har ɗaya gaɓar ya dawo. Idan ya dawo ya taɓa hannunsa daidai ƙarshen gaisuwar, to igiya ta zauna daidai. Idan ta amsa tun yana kan iyali, ya ce ba ta da tarbiyya, an matse ta da yawa. Na taɓa zama na yi lissafin abin a takarda don in kama shi da kuskure. Ban kama shi ba. Ban kuma gaya masa ba.

Sayen igiya ma darasi ne. A kasuwar Jimeta akwai Oga Nnamdi, wanda aka haifa a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Injiniya, wannan waya sabo ne, jiya ya sauka daga jirgi." Baffa ba ya musu, sai dai ya zaro tsummansa daga aljihu. Da Oga Nnamdi ya ga tsumman sai ya tuna akwai wani naɗin a ciki wanda ya fi wannan sabunta.

Sai shekarar da aka gudo ta zo. Wasunku kuna firamare a lokacin. Mutanen arewacin jiha suka kwararo Yola da Jimeta suna gudun 'yan bindiga, wasu a mota, da yawa a ƙafa. A unguwarmu ta Demsawo, gidan da ka sani da mutum takwas sai ka ƙirga takalma a ƙofarsa har ka gaji. Aikin hanya ya tsaya cak. Wata gadar kankare da ni da kaina na ƙirga rodinta, a wayar wani direba na ga abin da bam ya yi mata. Na lura ginshiƙin tsakiya bai faɗi ba. Ban san abin da zan yi da wannan sanin ba, sai na mayar masa da wayarsa. Watanni muka yi muna zuwa ofis muna goge na'urori muna komawa gida.

A wannan zaman ne aikin gadar hoton nan ya same ni. Can gaba da Mbamba akwai wani Jauro, wato mai unguwa, dattijon Bafulatani, da ya ba wasu iyalai 'yan gudun hijira gonaki. Matsalar ita ce gonakin suna hayin wani mayo, rafin da rani yake yashi, damina kuwa ya kai wa namiji wuya. Dattawan masallaci da na coci da wasu 'yan kasuwa suka haɗa kaya. Oga Nnamdi ya ba da igiya kyauta, kuma a karon farko a tarihin cinikinsu tsumman Baffa ya wuce sumul bai maƙale ko'ina ba. Baffa ya sake shafawa sau biyu, ransa bai so ba.

Masu gonakin su ne leburorinmu. Shugabansu Bulus, wani ƙato mai fara'a, wanda a garinsu makanikin manyan motoci ne kafin a ƙone garejinsa. Ban taɓa aiki da mai hannu irin nasa ba. In ka ce a ɗaure noti, sai ka bi shi da gudu kana cewa ya isa. Shi a duniyarsa abu biyu ne kawai, wanda aka ɗaure da wanda zai kashe mutum a hanya.

Muka gama ana tsakiyar damina. Tsawon gadar ya kai taku saba'in, cikinta a tsakiya ya fi tsayin mutum. Na auna sau uku, Baffa ya gaishe ta, ta amsa daidai kan gajiya. Ranar miƙa ta aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya. Bayan addu'a Jauro ya dube ni, ya sassauta murya, ya ce, "Injiniya, useko, mun gode. Tambaya ɗaya ne. Wannan ciki da gada ya yi, haka ake so, ko wani abu ne ya gaza?"

Bulus ya ƙara da cewa, "A garinmu, Oga, gadon igiya in ya yi ciki haka, maigida ba ya bari baƙo ya gani."

Yanzu ku saurari amsar da mai digiri ya bayar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce laifi ba ne. Ba kuma zan ce babu gadar da ta fi wannan kyan gani ba. A lissafi dai haka ya kamata, kodayake kowane lissafi yana da iyakarsa, kuma mai yiwuwa nan gaba a ɗan duba ta."

Jauro ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To. Mun gane." Baffa ya yi wani tari da ban fahimci ma'anarsa ba sai daga baya. Ni kuwa don tsabar kula da aiki, na ɗauko babbar sifanarmu na damƙa wa Jauro, na ce a ajiye ta saboda gyara.

Abin da na manta, alhali a cikinsa na girma, shi ne al'adar mutanen nan. Baƙon da ya yi maka alheri, in ya yi kuskure ba a faɗa masa. Ba a kuma matsa masa har ya faɗa da bakinsa. Bari ake yi ya tafi, a gyara abin a ɓoye, in ya dawo a nuna masa kamar haka ya bar shi. Dattawan nan sun ga matashi yana ta kewaye-kewaye, idonsa a ƙasa, sai suka ce kunya ce ta hana bawan Allah cewa igiyarsa ta yi sako-sako. Ga sifana ya ba su da hannunsa. Me ya rage?

Da kaka ta yi na ce wa Baffa mu je mu duba. Muka hau keke napep har ƙarshen hanya, muka ƙarasa da ƙafa, wajen la'asar. Tun daga nesa na ga wani abu ya canza, amma sai na ce mai yiwuwa idona ne. Da muka matso na ga gada ta miƙe ɗoɗar, kyakkyawa kamar a kalanda. Cikin nan nawa da na auna sau uku, bai fi rabinsa ya rage ba.

Mutane suka fito tarye. Kowa yana murmushi, ba wanda ya kalli gadar. Jauro ya riƙe hannuna ya yi ta tambayar mutanen gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar an ɗan taɓa gadar nan?"

Ya ce, "Wane gada? Yadda ka bar shi haka yake. Aikinka mai kyau ne, kowa ya yaba."

Bulus ya raɗa mini a kunne, "Oga, kada ka damu, ba wanda ya sani. Mu shida muka yi, da sanda muka ƙara wa sifana tsawo. Asirinka a rufe."

Baffa ya matsa kusa da ginshiƙi. Ya ɗauki dutse ya bugi igiyar, ya ɗora hannu, ya ce, "Sannu, ya gida, ya iya..." Sai ya janye hannun. Ya ce, "Ta katse ni."

Na zagaya bayan ginshiƙi inda turke yake. Ƙasar da ke bayansa ta tsage, tsaga mai tsawo, na zura yatsu huɗu suka shige. Turke ya fara tafiya. Ba kowa a kan gadar ma ke nan.

Na tambayi Bulus yaushe za su kwaso masara. Ya ce gobe da safe, gayya aka kira. Maza kusan hamsin, kowa da buhu a ka, a jere, da mai ganga a gaba. Ga masarar can a hayi an tara ta, amfanin gona na farko da suka samu tun da suka baro garinsu, shanu kuma sun fara zagaya ta. Ruwan mayo har lokacin yana kai wa ƙirji, da ƙarfinsa.

Na ja Baffa gefe na ce ya yi wa Jauro magana, dattijo da dattijo.

Ya ce, "Ni? Ni mai tsumma ne. Kai ne mai takarda mai kauri."

"Baffa, mutane za su faɗa ruwa."

"Mai yiwuwa," in ji shi, yana gyara hularsa.

Wannan ita ce tsakiyar sana'ar, kuma ba ta cikin kwamfutar Rukayya. In na ce wa Jauro a gaban jama'arsa sun ɓata gada, na kunyata mutumin da ya ba baƙi gona, na kuma mayar da alherinsu laifi. Shi ma ya riga ya ce ba a taɓa komai ba, ba zai janye ba. In na yi irin maganata ta kullum, za su ce kunyar ce ta dawo, ƙila ma su ƙara mata juyi biyu don su faranta mini.

A tsakar gidan Jauro na hango igiyar shanya ta gaske, da jarkar ruwa a gindin randa. Na roƙi a ara mini su. Na ce wasa ne muke yi a makaranta, na gwada ƙarfi, kuma an ce mini mutanen wurin nan ba su da na biyu. Na rataya jarkar a tsakiyar igiyar, na ba Bulus baki ɗaya, na ba wani ƙaton ɗaya bakin. Na ce su ɗaga. Suka ɗaga da hannu ɗaiɗai suna dariya, igiya ta yi ciki, jarka tana lilo.

Na ce, "To, ku miƙe ta. Kada ta lanƙwasa ko kaɗan."

Suka ja. Suka sa hannu biyu. Suka kafa dugadugai a ƙasa, jijiyoyin wuya suka fito. Igiyar ta kusa miƙewa amma ta ƙi ƙarasawa. Na ce a ƙara mutum biyu kowane gefe. Mata suka fito kallo, ana ta ihu, "Bulus, ina tuwon da ka ci?"

A cikin matan akwai Dada Asta, yayar Jauro, tsohuwa ƙanƙanuwa da ba ta kai nauyin buhun gero ba. Na durƙusa na ce, "Dada, don Allah ki ɗan dafa jarkar nan."

Ta ce, "Ni da ko tulu na daina ɗauka?"

"Dafawa kawai."

Ta ɗora hannu ta danna. Ƙarti shida suka taho gaba kamar an fizge su, ƙafafunsu suka ja layi a ƙasa, Bulus ya zube a gwiwa a gabanta. Dada Asta ta dube shi ta ce, "Tashi, ɗana, ai mun gaisa ɗazu." Wurin ya kaure da dariya, har da Jauro.

Na bari dariyar ta lafa. Na nuna layin da ƙafar Bulus ta ja a ƙasa. Sannan na ce wa Jauro ina so ya raka ni bayan ginshiƙi, shi kaɗai, in nuna masa wata ciyawa. Ya zo. Ya ga tsagar. Ya sunkuya ya zura sandarsa, ta shige. Ya daɗe yana kallonta, ya waiwaya ya kalli inda aka yi wasan.

Ya ce, "Injiniya, zan sake tambaya. Cikin nan, haka ake so?"

Na ce, "Haka ake so. Gobe ba wanda zai hau gadar nan. Ko mutum ɗaya."

"Babu mai yiwuwa?"

"Babu."

Daga bayanmu na ji muryar Baffa, wanda ba a gayyace shi ba, yana cewa, "Jauro, ka riƙe ranar nan. Shekara goma ina tare da shi, yau na fara jin ya gama magana."

Jauro ya koma gindin tsamiya ya sanar da cewa ya duba, ya ga gada ta gaji da tsayuwa a miƙe, tana bukatar ta ɗan saki jiki, don haka an ɗaga gayya. Bai ce wani ya taɓa ta ba. Ni ma ban ce ba. Bulus ya saurara da kyau, ya ce shi ma dama ya lura.

Washegari muka fara sassautawa, juyi ɗaya a wannan gaɓa, juyi ɗaya a waccan, don kada nauyi ya taru a gefe guda. Bulus ne ya riƙe sifana, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Muka haƙa gaban turken muka ƙara dutse da kankare, muka jira ya kama. Kwana tara masara tana hayi, maza suna haye ruwa da gora suna kwana biyu-biyu suna korar shanu. An yi asarar kaɗan, ba zan ɓoye ba, kuma rabin laifin na bakina ne. A rana ta goma Baffa ya gaishe da igiya, ta bari ya kai har gajiya. Aka kwaso masara mutum biyar-biyar, mai ganga yana gaɓa, don na hana shi hawa.

Baffa Sali ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Tsummansa yana cikin durowata. Wasu daga cikin iyalan sun koma garinsu da aka samu sauƙi, wasu sun zauna, Bulus ya buɗe gareji a Bekaji, inda na ji masu keke suna kukan ba sa iya kwance notin da ya ɗaure. Gadar tana nan da cikinta. Duk shekara kafin damina nakan je in duba.

Rukayya ta tambaye ni ko na karɓe sifanar. Ban karɓa ba. Karɓe ta cin fuska ne, kamar na ce ban yarda da su ba. Tana nan rataye a zauren Jauro, an ma yi mata kube na fata. Abin da na yi shi ne, wata ranar Juma'a da kowa ya tafi masallaci, Bulus kuma na aike shi Jimeta sayen giris, na kawo mai walda ya ɗiga wa kowane noti ɗigo biyu. Kaɗan ne, irin wanda ni zan iya yankewa in bukata ta taso.

Duk zuwan da na yi, Jauro yakan raka ni har bayan ginshiƙi. Ya tsaya daidai kan notin, ya dogara da sandarsa, ya ce, "Yadda ka bar shi haka yake, Injiniya. Ba wanda ya taɓa."

Ni kuma in ce, "Na gani, ranka ya daɗe."

Har yau bai ce ya ga waldar ba, ni ma ban ce na yi ba.